Shekarar da Muka Jira Bizar Ummi

Akwai shekarar da na daɗe ina kewaye ta a cikin wannan rubutu, kamar yadda mai huɗa ke kewaye kututture ya ce sai ya dawo. Yau dai na dawo gare ta. Abin da ya sa kuwa, ranar da kai Kabiru ka zo Ikara ka shaida mini cewa kamfanin nan na ƙasar waje ya ɗauke ka aiki, saura biza kawai, ina kishingiɗe a zaure na ji ƙanwarka Nafisa tana ce maka a tsakar gida, tana dariya, kada dai ka yi irin ta Umma, ka tafi neman kuɗi ka manta da na gida. Na san wasa take yi. Amma maganar ba ita ta ƙirƙiro ta ba, a bakin manya ta tsince ta tun tana rarrafe, kuma na lura kai ma ba ka musa ba. Mahaifiyarku ta koma ga Allah ba ta taɓa kare kanta ba. Mahaifiyata Inna ta riga ta, wana Yaya Garba ya bi bayansu. Cikin waɗanda suka zauna a ɗakin da aka yanke shawarar nan, ni kaɗai na rage. In na tafi da abin a cikina, abin da matan unguwa suka faɗa shi zai zama tarihinta, ku kuma ku miƙa wa 'ya'yanku.

A lokacin ina aikin malamin gona, ina yawo a kan babur tsakanin Ikara da ƙauyukan Furana, ina fama da manoma a kan tsutsar tumatir da lokacin zuba taki. Mahaifiyarku Bilkisu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Makarfi. Da sassafe take shiga bas, ta dawo bayan la'asar, mayafinta na warin magani. Muna zaune a gidan gado tare da mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna. Wana Garba yana Kudan yana noman rake, amma ba a ɗaura ba a kwance a gidanmu sai an aika masa. Ku uku ne a lokacin: kai Kabiru ka shiga firamare ke nan, ke Nafisa kina goye, sai yayarku Ummi, wadda ba ku da komai nata yanzu sai hoto ɗaya. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi. Siririya ce, farin idonta da ɗan rawaya, bakinta kuwa ba ya hutawa. Babu wanda ba ta iya kwaikwayon muryarsa ba. In Yaya Garba ya zo ya tafi, sai ta ɗaura ɗankwalin Inna kamar rawani, ta turo ciki, ta yi gyaran murya irin nasa ta ce, "To, ni dai na faɗi tawa," har Inna ta riƙe haƙarƙari don dariya tana cewa Allah ya shirye ki takwara.

Ummi da sikila aka haife ta. Ni da mahaifiyarku mun yi aure a zamanin da ba wanda ke maganar gwajin jini, ita kanta tana makarantar jinya ta ji sunan ciwon amma ba ta kawo shi kanta ba. In abin ya taso, musamman da damina in an kwana ana ruwa, yarinyar da ke cika gida da surutu sai ta dunƙule a kan tabarma ta cusa bakin zani a baki tana cizo, wai don kada ta tsorata ku. Mahaifiyarku ta yi wa 'ya'yan mutane allura ba adadi, amma in za a nemi jijiyar Ummi sai ta kira wata. Zariya kuwa mun san hanyarta kamar hanyar masallaci. Mu je neman jini, a ce babu irin nata, mu bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Ta warware, ta koma makaranta, ta yi wata biyu ko uku tana tsalle, sai kuma a koma gidan jiya. Kowane tashi kuma yana barin ta da rauni fiye da na baya, kuma mahaifiyarku, da yake aikinta ne, ta fi ni sanin inda hanyar ta nufa.

Ana cikin haka wata tsohuwar abokiyar aikinta da ke wata ƙasar Larabawa ta aiko mata da saƙo cewa asibitin da take yi wa aiki na neman ma'aikatan jinya, kwangilar shekara biyu. Abin da ya tsaya wa mahaifiyarku a rai ba albashin ba ne. Ƙawar ta ce a asibitin akwai sashe guda na yara masu sikila, da likitocin da ba su da wani aiki sai wannan, jini kuwa ba a nemansa, yana nan a ajiye, kuma 'ya'yan ma'aikata ana duba su. Mutumin da ke shirya takardun a Kano ya ƙara da cewa in ma'aikaci ya cika shekara ɗaya yana iya neman a ba iyalinsa izinin zuwa. Da bakinsa ya faɗa, ina zaune. Ba mu ce ya nuna mana inda aka rubuta ba, domin ba mu san ana tambayar haka ba. Sharaɗi ɗaya ya rage: tunda matar aure ce, sai mijinta ya sa hannu cewa ya yarda.

Na aika wa Yaya Garba, ya zo ranar wata Asabar da ɗaurin rake a bayan babur. Muka zauna a ɗakin Inna, mahaifiyarku tana daga bakin ƙofa da ke Nafisa a cinya. Da na gama bayani Yaya ya dube ni.

"Isiyaku," ya ce, "mace da mijinta da 'ya'yanta ƙanana, ta haye teku ita kaɗai ba muharrami? Me za mu ce wa mutane? Ciwo da magani duk na Allah ne. Wanda ya rubuta wa yarinyar nan kwana a can, shi ya rubuta mata a nan."

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Jininsa ya shiga jikin Ummi fiye da sau ɗaya. Abin da ya sani ya faɗa. Ga shi yayana ne, kuma rabin zuciyata na tare da shi. Inna ce ta ajiye carbinta.

"Garba, kai labarin ciwon nan kake ji, ni na san shi. Kafin in haife ka na binne biyu, tsakaninka da wannan na binne ɗaya. Haka suke kuka, hannu da ƙafa, ka taɓa su kamar ka taɓa wuta. Aka ce mini wabi nake yi, aka yi musu tsaga, aka ba ni rubutu na sha har na gaji. Da a lokacin wani ya ce mini akwai magani a bangon duniya, da ƙafa zan tafi, ko ubanku ya yarda ko bai yarda ba. Mutanen da kake tsoron bakinsu, wa ya taɓa zuwa ya kwana da yarinyar nan cikinsu?"

Daga nan ta juya wajen mahaifiyarku ta ce, "'Yar nan, ki je. Yaran nan ni na haifi ubansu, ba za su gagare ni ba."

Yaya ya ce to, shi dai ya faɗi tasa, ya tashi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya bayan fitarsa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a duk zaman nan mahaifiyarku ba ta ce tana son tafiya ba. Washegari da safe ina ɗaure kaya a babur ta same ni, ta tsaya tana murza bakin zaninta.

"Malam, in ka ce kada in je, wallahi sauƙi ka yi mini."

Na ce, "In na ce kada ki je, ranar da ciwon ya sake tashi me za ki ce a ranki?"

Ta saki bakin zanin. Ta koma ciki. A makon na je Kano na sa hannu.

Bizar ta fito da sauri fiye da yadda muka zata, sai aka yi yayenki a gaggauce, Nafisa. Aka mai da ke ɗakin Inna, kina kuka a can, uwarki na kuka a nan, bango ɗaya tsakaninku, ba ta da ikon zuwa. Ranar tafiya ba mu je da ku filin jirgi ba. A ƙofar gida aka yi sallama. Ummi ta riƙe jakar uwarta ta ƙi saki sai an nuna mata bizar, don ta ɗauka wani babban abu ne. Da aka buɗe fasfo ta ga 'yar takarda ce manne, sai ta taɓe baki.

"Wannan ce duk ake ta magana? To Umma, in kin je ki ce su ba ni tawa. Ki ce ba ni da nauyi, ko a cinya zan zauna."

A filin jirgi na Kano, muna tsaye a layi, na ga gaban rigar mahaifiyarku ya jiƙe da nono. Ta ja mayafi ta rufe, ba ta kalle ni ba. Haka ta shiga.

Sai da ta isa muka fara sanin mece ce bizar da na sa wa hannu. Kabiru, ka karanta nan da kyau. Izinin zaman ba nata ba ne, na asibitin ne. Suna karɓarta suka karɓe fasfonta suka ajiye a ofis. Ba ta da ikon canza wurin aiki, ba ta da ikon fita ƙasar sai sun sa hannu, in sun sallame ta kuma zamanta ya ƙare a ranar. Suna son hannunta da iliminta na shekara biyu, sauran abin da ke jikinta, miji da 'ya'ya da uwar miji, ba ya cikin lissafi. Ba zan ce sun zalunce ta a aiki ba. Suna biyanta a kan lokaci, ɗakin kwananta mai kyau ne. Sashen tsofaffi aka sa ta, kuma kullum in za ta je sai ta wuce ta gaban sashen yaran nan masu sikila. Ta ce mini takan rage tafiya ta leƙa ta gilashi, ta ga yara sa'annin Ummi zaune a kan gado ana ƙara musu jini suna kallon talabijin, ba mai cizon zani.

Lokacin waya ba ta daɗe da zuwa ba, sabis a gidanmu sai ka fita bayan katanga wajen bishiyar dalbejiya. Ranar Juma'a take hutu, saboda haka kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mu ɗunguma can, Inna da kujerarta, mu jira wayar ta yi ƙara. Kai Kabiru ka ce a sayo maka ƙwallo. Ke Nafisa a kara miki wayar a kunne ki ture. Ummi ce ke cinye katin. Sai an sake faɗa mata yadda gadajen suke, da launin labule, da ko likitocin suna jin Hausa. Har ta fara koyon gaisuwa da Larabci wajen malamin Islamiyyarsu, tana gwada ta a kan awakin Inna. Na kai ta aka yi mata fasfo tun kafin shekara ta cika, don kada a ce mu muka jawo jinkiri. Mai ɗaukar hoton ya yi ta fama da ita ta daina murmushi, ta kasa. Hoton da kuke da shi, na ranar ne.

Gida kuma ya ci gaba yadda ya iya. Inna ta tsufa a shekarar nan fiye da shekara biyar ɗin da suka gabata. Ni na koyi abubuwan da ban taɓa zaton zan koya ba: dafa ruwan zafi in gasa wa Ummi gwiwa, gane ciwon daga yadda take taka ƙasa tun kafin ta faɗa. Abin da mahaifiyarku ke aikowa ya sa magani bai ƙara yankewa ba, kuma muka rufe ɗakin Ummi da silin saboda sanyi. Wannan silin ɗin shi mutane suka gani. Daga nan maganar ta fara, wai matar Isiyaku ta tafi ƙasar kuɗi, ga shi har an fara gyaran gida.

Da shekara ta cika, mahaifiyarku ta kai takardun neman izinin iyali. Ta jira, ta koma, ta sake jira. Daga ƙarshe wani ma'aikacin ofis ya zaunar da ita ya yi mata bayani cikin mutunci: matakin aikinta bai kai na waɗanda ake bari su kawo iyali ba. Wannan na likitoci ne da manyan ma'aikatan jinya. Abin da aka faɗa mana a Kano ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ba a kanta yake ba. Sai dai ya ce in ta kammala kwangilar aka sabunta, shugabar sashensu ta yaba da aikinta, akwai yiwuwar a ɗaga ta, in an ɗaga ta kuwa ƙofa ta buɗe. Wata nawa? Kusan wata shekarar.

Ba ta jira Juma'a ba, ranar ta kira ni ina gona a Furana. Muryarta kamar ba tata ba.

"Malam, ni dawowa zan yi. Na bar jaririya, na bar mara lafiya, na zo ina wanke tsofaffin mutane. Me na zo yi?"

Na ce ta bari in je gida mu yi magana da Inna. Da yamma muka fita wajen dalbejiya, ni da Inna, muna ta juya maganar da ita a waya. In ta dawo, an koma neman jini a Zariya. In ta zauna, ba tabbas. Ba mu lura Ummi ta biyo mu ba. Ta miƙo hannu ta ce a ba ta, na ba ta.

"Umma, kada ki dawo tukuna. In kin dawo wa zai karɓo mini? Kin ce saura kaɗan. Ni zan iya jira, wallahi zan iya. Na daina shiga ruwan sama ma, ki tambayi Inna."

Na karɓi wayar na kara a kunne. Can mahaifiyarku ta ce to. Kalma ɗaya. Wannan "to" ɗin ita ce ta zaunar da ita, ba riyal ba, ba dala ba.

Muka ci rani lafiya, har na fara sakin jiki. Aka shiga damina, kwangilarta ta kusa cika, asibitin ya tura fasfonta hukumar shige da fice don sabuntawa. A daidai lokacin, bayan wani ruwa da aka yi kwana da kwanaki ana yi, Ummi ta tashi da ciwon ƙirji. Wannan bai yi kama da na baya ba. Ba ta cizon zani, numfashi take nema. Na ɗauki shatar mota zuwa Makarfi, asibitin da uwarta ta yi aiki, kuma abokan aikinta suka tsaya a kanta kamar 'yarsu. Yaya Garba ya bar rakensa ya zo ya miƙa hannu aka ɗebi jini. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki hanyar Zariya ba, a bari ta ɗan farfaɗo.

Na kira mahaifiyarku. Tana jin yadda na kwatanta numfashin ta gane. Ta tafi ofis da kayan aikinta a jiki ta ce a ba ta fasfonta. Aka ce ba ya hannunsu. Ta ce a karɓo. Aka ce sai an rubuta, kuma wanda zai sa hannu a izinin fita ba ya nan sai bayan hutun ƙarshen mako. Ta ce mini ta durƙusa a gaban teburin wani yaro da bai kai ƙaninta ba. Ya tashi tsaye, ya ba ta ruwa, ya ce wallahi da yana da iko da ya yi. Kuma na yarda da shi. Babu mutum ɗaya da za ka nuna ka ce shi ya hana ta. Kowa na da wani a samansa, takarda kuma ba ta san ana mutuwa ba.

Ummi ta cika da hantsi, rana ta fito bayan kwanakin nan na ruwa. Kanta na kan cinyar Inna. Wayar tana kunnen Ummi, domin mahaifiyarku ta ce kada a kashe, ta yi ta yi mata magana tana karanta mata abin da ya sauwaƙa. Da Inna ta shafa idonta ta rufe, na ɗauki wayar na ce, "Bilkisu, sai haƙuri." Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle wanda ya ci sunan uwar miji. Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin ta kira ta ba, ko Ummin ma ba ta faɗa, sai dai "yarinyar nan" ko "'yar Inna". Ranar na ji ta daga wata ƙasa tana cewa, "Hauwa'u. Hauwa'u." Sau biyu, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Muka kawo ta Ikara, aka yi mata sutura bayan azahar.

Fasfon ya fito bayan an share makoki. Shugabar sashensu ta kira ta ta yi mata ta'aziyya, ta ce ta je gida ta huta ta dawo, maganar ɗaga matsayinta tana nan. Mahaifiyarku ta ce ta gode, amma wadda take nema wa ta riga ta tafi. Ta ajiye aikin. Ko ajiyewar ma sai da ta bi ƙa'ida, ta yi musu kwanakin da doka ta ce, tana shiga sashen tsofaffi kullum ta gaban gilashin nan. Ta iso gida ana gab da sadakar arba'in, da akwati ɗaya. Na ga abin da ke ciki daga baya: rigunan sanyi ne na yarinya, masu kauri, da safa, da ta daɗe tana tarawa.

Da ta shigo tsakar gida ta durƙusa ta gaida Inna, suka rungume juna. Kai Kabiru ka ruga ka faɗa jikinta. Ke kuwa Nafisa, da ta miƙo miki hannu, sai kika ƙwalla ƙara kika shige bayan Inna kika riƙe zaninta. Aka ce ga Ummanki, kika ce a'a, baƙuwa ce. Mata sun cika gidan don yi mata gaisuwa, kuma a cikinsu wata, ba zan faɗi sunanta ba tunda jikokinta na nan, ta ce da murya yadda kowa zai ji, "Ai ɗa ba ya sanin uwar da ta zaɓi kuɗi. Allah dai ya sa abin da aka samo ya yi albarka." Raina ya ɓaci, na taso daga zaure zan yi magana. Mahaifiyarku ta ɗaga ido ta kalle ni ta girgiza kai.

Bayan an watse na ce mata gobe zan tara su, dangi da maƙwabta, in faɗa musu yadda aka yi, cewa ta so dawowa, yarinyar ce da bakinta ta ce ta zauna.

"Malam, kada ka faɗa. In ka faɗa, gobe za a ce yarinyar nan ce ta hana uwarta zuwa, ita ta jawo wa kanta. Yarinya ce, rai take so, ba laifi ta yi ba. Ni ina da rai, zan iya ɗauka. Ita a bar ta ta kwanta."

Na yi mata alkawari, Inna ma ta yi. Inna ta tafi da shi, ni kuma na riƙe har yau. Yanzu da ba wanda zai ɗora wa Ummi komai, ku kuma kun yi hankalin da za ku gane, na ga riƙon ya isa.

Ta koma aikinta na Makarfi, bas da safe, bas da yamma, har ta yi ritaya. Ba ta sake neman fita ba, ko da aka sake aiko mata. Rigunan sanyin ta rabar wa yara masu sikila da ake kawowa asibitin, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce wa iyayensu komai ba. Kun tuna yadda ta kafe a kan gwajin jini kafin aurenku, har dangin matarka suka ji haushi, Kabiru. Yanzu kun san daga inda abin ya fito.

Amma aikin da ya fi ba ta wuya a watannin farko ke ce, Nafisa. Inna ta ce a ɗauke ki da ƙarfi a mai da ke ɗakin uwarki, kya yi kuka ki gaji. Mahaifiyarku ta ce a'a, an raba ki da ita da ƙarfi sau ɗaya, ba za a sake ba. Sai ta ɗauki wata hanya. Kullum in ta dawo daga aiki ta yi salla, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna ta zauna tana ɓarar gyaɗa ko tsince shinkafa, ba ta kiranki, ba ta ko kallonki sosai. Ke kuma kina leƙe daga bayan labule. Aka yi girbi, aka kai amfani gida, tana nan tana zama. Wata rana da la'asar ina gyaran babur a tsakar gida, na ga kin fito da tsefaffen kai, Inna ta fara miki kitso hannunta ya gaji ta bari. Kika tsaya nesa kina kallon uwarki. Kika matso. Sai kika juya mata baya kika zauna tsakanin ƙafafunta. Ta ajiye tiren shinkafar a hankali kamar mai tsoron tsuntsu ya tashi. Ta ɗauki matsefi ta fara, hawaye na sauka a kan gashinki tana shafe shi da tafin hannu don kada ki ji. Kitson da ba ya wuce ɗan lokaci, ranar sai da aka kira magariba tana yi, ta kitsa ta warware, ta sake kitsawa.